Ɗaukar Hoton Dabbar Mus a Dazuzzukan Arewacin Duniya

Gabatarwa

A cikin watan Mayu na shekarar 2024, wani dattijo ɗan shekara 70 ya fita tare da abokinsa a bayan garin Homer, cikin Jihar Alaska ta Amurka, suna neman wata dabba da ta haihu cikin kurmi, don ya ɗauki hoton 'ya'yanta. Mutumin nan ba baƙon daji ba ne, ya daɗe yana hulɗa da namun dajin ƙasar. Amma duk da haka sai da uwar ta fito daga cikin duhuwa ta far masa, nan take rai ya yi halinsa. Daga baya iyalinsa suka nemi kada a kashe dabbar, domin a ganinsu ba ta yi kome ba face tsaron 'ya'yanta. Wannan dabba ita ce ake kira mus.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa mai karatu yadda ake ɗaukar hoton mus a mazauninsa, da abin da ya sa aikin yake da wuya, da kuma iyakar da ya kamata mai hoto ya tsaya. Za mu ga cewa rabin aikin sanin halin dabbar ne, kyamara kuwa sai daga baya take shigowa.

Suna da Kama

Tun da yake babu wannan dabba a ƙasar Hausa, ba mu da sunanta, sai aro. Kalmar mus ta samo asali ne daga harsunan mutanen asali na gabashin Amurka ta Arewa, irin su Abenaki, kuma masana sun danganta ta da ma'anar mai ɓare ɓawon itace, saboda haka yake yi idan abinci ya yi ƙaranci. Da dogon wasali ake furta ta, kada a rikita ta da mussa, watau kyanwa. Turawan Ingila suna ce masa elk, alhali kuwa a Amurka elk sunan wata dabba ce dabam. Ana samun mus a Kanada da Alaska da wasu jihohin arewacin Amurka, haka kuma a Suwidin da Norwe da Finlan da Folan da Rasha.

Wanda bai taɓa ganinsa ba, ya kwatanta a ransa dabba mai dogayen ƙafafu kamar na raƙumi, da tozo a kafaɗa, da doguwar fuska mai lanƙwasasshen hanci, da wata fata mai reto a ƙarƙashin maƙogwaro. Launinsa baƙi-baƙi ne mai ratsin ƙasa-ƙasa, ƙafafun kuma sun fi jikin haske. Toron mus na Alaska, wanda ya fi sauran girma, tsayinsa daga kofato zuwa kafaɗa yakan kai mita 2, nauyinsa kuma yakan wuce kilo 600. Ke nan ya ninka babban gwanki a nauyi.

Abin da ya fi jan hankalin masu hoto shi ne ƙahonsa. Amma fa ya sha bamban da na sa ko na gwanki, waɗanda ke zama a kai har mutuwa. Na mus ƙashi ne zalla, faffaɗa kamar buɗaɗɗen tafin hannu mai yatsu a gefe, kuma namiji kaɗai ke da shi. Faɗinsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan yakan kai mita 1.8. Abin mamaki, kowace shekara sai ya karye daga tushe ya faɗi a lokacin sanyi, sa'an nan sabo ya tsiro cikin 'yan watanni.

Mafarin Aikin

Ba za a yi zancen hoton mus ba tare da an ambaci George Shiras na Uku ba, wani lauya Ba'amurke da aka haifa a 1859, ya rasu a 1942. Da fari maharbi ne, yana farauta a gefen tafkin Whitefish na Jihar Michigan. Daga baya ya ajiye bindiga ya ɗauki kyamara, amma bai yar da dabarun farauta ba. Mutanen Ojibwa suna da wata dabara ta kunna wuta a goshin kwalekwale da dare, su yi ta tuƙi a hankali a gefen ruwa. Idan dabba ta ga hasken sai ta tsaya cik tana kallo, maharbi kuwa yana ɓoye cikin duhu bayan wutar. Shiras ya ɗauki wannan dabara, ya sa fitila a maimakon wuta, ya ɗora kyamara a goshin jirgi, idan ya matso sai ya kunna hodar maganiziyam ta yi walƙiya, hoton ya ɗauku. Har wa yau shi ne ya shahara da ɗana igiya a hanyar dabbobi, ta yadda dabbar da ta taɓa igiyar ita ce za ta ɗauki hoton kanta.

Hotunansa sun ci lambar zinariya a baje-kolin duniya na birnin Faris a 1900. A watan Yuli na 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa guda, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga baya ya bi sawun mus har cikin tsaunukan Yellowstone, kuma a 1914 aka raɗa wa nau'in mus na wannan yanki sunansa. Darasin da ke cikin tarihinsa a bayyane yake: ya yi nasara ne domin ya riga ya san inda dabba ke sha, da lokacin da take fitowa, da abin da ke firgita ta, tun kafin ya mallaki kyamara.

Sanin Lokaci

Shekarar mus ta kasu kashi huɗu, kuma kowane kashi da irin hoton da yake bayarwa da irin haɗarinsa.

Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni ne lokacin haihuwa. Uwa takan ɗauki ciki na kusan wata 8, ta haifi ɗa ɗaya ko tagwaye, jajaye, masu rangaji bisa siraran ƙafafu. Babu hoton da ya fi wannan taɓa zuciya, babu kuma lokacin da ya fi shi haɗari, domin uwa mai jego ba ta bambanta mai kyamara da kyarkeci.

Daga Yuni zuwa Agusta mus yakan koma ruwa. Dalili uku ne ke kai shi: zafi, da ƙudaje masu cizo, da gishiri. Jikinsa na sanyi ne, har ma zafin da bai kai digiri 20 ba, wanda mu a nan za mu kira sanyin hunturu, ya isa ya takura shi. Game da gishiri kuwa, ganyen tudu ba shi da isasshe, amma bado da sauran tsirran cikin ruwa suna da shi. Don haka sai ya shiga tafki har wuya, ya toshe hancinsa, ya nutsar da kai, ya ɗago da baki cike da ganye, ruwa na kwarara daga ƙaho. Wannan shi ne hoton da aka fi sani. A wannan lokaci ƙahon yana cikin girma, an lulluɓe shi da fata mai laushi kamar karammiski, wadda ke kai masa jini. Ƙishin gishirin nan, wanda duk makiyayin da ke ba shanunsa kanwa ya san shi, shi ne kuma ke fito da mus bakin titi. A gandun dajin Algonquin na lardin Ontariyo a Kanada, gishirin da ake zubawa a babbar hanya mai lamba 60 don narkar da ƙanƙara yakan taru a kwatamin gefen hanya, sai dabbobin su zo sha a watannin Mayu da Yuni, masu hoto kuma su same su cikin sauƙi.

Daga ƙarshen Agusta toro yakan goge ƙahonsa a jikin itatuwa har fatar ta sale, ƙashin ya fito fili. Daga nan sai lokacin barbara, watau daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Mace takan yi wani dogon kuka mai kai wa nesa, maza su amsa da gurnani, idan biyu masu ƙarfi ɗaya suka haɗu sai karo. Ga shi kuma lokacin ne ganyen itatuwa ke rikiɗa ya koma ja da rawaya. Saboda haka yawancin masu sana'ar suka fi son wannan wata. Sai dai toron da ke neman mace ba shi da haƙuri ko kaɗan, yakan ma daina cin abinci na kwanaki.

Kashi na huɗu shi ne na dusar ƙanƙara. Ƙaho ya faɗi, ganye ya ƙare, abinci sai tsinken reshe da ɓawo. Dabbar tana rayuwa ne bisa kitsen da ta tara, tana rage motsi don kada ya ƙare kafin sanyi ya wuce.

A kowane kashi kuwa, sassafe da gab da faɗuwar rana ne lokacin fitowarsa kiwo. Da rana ta take sai ya shige inuwa ya kwanta yana tuƙa.

Dabarun Matsowa

Idon mus ba shi da ƙarfi, amma kunnensa da hancinsa ba a magana. Kunnuwan manya ne, kowanne yana juyawa da kansa. Don haka ƙa'idar farko ita ce wadda maharbanmu suka sani tun kaka da kakanni: a duba inda iska ke kaɗawa, a sa ta a fuska, kada ta ɗauki warin mutum ta kai wa dabba. Ta biyu, a guji tufafi masu ƙara idan sun gogi reshe. Ta uku, kada a nufi dabbar kai tsaye. A riƙa ratsewa, ana tsayawa duk sa'ad da ta ɗaga kai, a ci gaba idan ta koma kiwo.

Wadda ta fi duka dai ita ce a riga shi zuwa. Mai hoto yakan nemi alamu da rana: sawun kofato mai tsini wanda ya fi na sa tsawo, da kashi mai kama da dabino, da rassan da aka gatse a tsayin kan mutum, da ramin da toro ya tona ya yi fitsari ya yi birgima a ciki lokacin barbara. Idan ya gane wurin, sai ya dawo tun da asuba ya zauna ya jira. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

A tafki kuwa har yanzu babu abin da ya kai kwalekwale, kamar zamanin Shiras. Ba shi da ƙara, kuma yana sa kyamara ta yi ƙasa-ƙasa daidai fuskar ruwa, wanda ke fito da girman dabbar. Amma kada ruwa ya ruɗi mutum ya zaci katanga ce, domin mus gwanin iyo ne. A kan titi kuma mota ita ce maɓoya mafi kyau, tun da dabbobin sun saba da ita. A kashe inji, a ɗauki hoto ta taga.

Matsalar Haske da Kayan Aiki

Baƙin jikin mus babbar matsala ce ga kyamara. Ma'aunin hasken da ke cikinta an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, tsakanin fari da baƙi. Idan dabbar ta cika hoton, sai kyamara ta ga duhu ya yi yawa, ta ƙara haske, baƙin gashin ya fito toka-toka. Idan kuwa tana tsaye cikin dusar ƙanƙara ko bisa ruwa mai ƙyalli, sai kyamara ta rage haske, dabbar ta zama baƙar inuwa marar ido. Maganin abin shi ne mai hoto ya karɓe ragamar da hannunsa, ya auna hasken a jikin dabbar, ya duba sakamakon, ya gyara. Ranar da gajimare ya rufe rana ta fi ranar da take ƙwal, domin hasken yana da taushi, gashin yakan fito dalla-dalla.

Sai kuma ido. Idon mus ƙarami ne, baƙi cikin baƙar fuska. Idan babu ɗan ƙyallin haske a cikinsa, hoton yakan zama kamar na gunki. Don haka a kan ido ake saita kyamara, a jira har ya juyo da fuska wajen haske.

Tun da yake da sassafe ko da almuru ake aikin, haske kaɗan ne, ga shi kuma dogon gilashi yana ƙara girman kowace 'yar rawar hannu. Saboda haka ana bukatar mazauni mai ƙafa uku, ko a jingina da itace. Idan dabbar tana tafiya ko tana kakkaɓe ruwa, ƙiftawar kyamara kada ta wuce kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. A lokacin sanyi batir yakan mutu da wuri, sai a ajiye na biyu cikin aljihun ciki inda ɗumin jiki yake. Kafin a shiga ɗaki mai ɗumi kuma a sa kyamara cikin jaka a rufe, don kada raɓa ta kwanta a cikin gilashi.

Game da gilashin, bari mu yi ɗan lissafi, domin a nan ne gardamar take. Kyamara mai faifai irin na milimita 35, idan aka ɗaura mata gilashi mai tsawon milimita 400, abin da za ta kama daga nisan mita 50 shi ne faɗin mita 4.5 da tsayin mita 3. Wannan daidai yake da toron mus da ƙahonsa da ɗan fili a gefe. Daga nisan mita 25 kuwa dabbar ba za ta ma shiga hoton gaba ɗaya ba. Ashe ke nan wanda yake da kayan aikin da ya dace ba shi da hujjar matsawa. Yawancin masu kutsawa dab da dabba su ne masu ɗauka da wayar hannu, waɗanda ke so su cike da ƙafa abin da gilashinsu ya gaza.

Haɗari da Iyaka

Hukumar kula da kifi da namun daji ta Alaska ta sha faɗar cewa a jihar, mutanen da mus ke jikkatawa a shekara sun fi waɗanda dabbar beyar ke jikkatawa. Dalili kuwa shi ne mus ya fi yawa, yana shiga har cikin birnin Anchorage, kuma mutane suna ganinsa kamar saniya. A manyan gandayen dajin Amurka irin su Yellowstone da Grand Teton da Denali, doka ta hana a kusance shi ƙasa da yadi 25, watau wajen mita 23. To, amma a lura: mus yana gudun kilomita 55 a sa'a, ke nan zai cinye wannan tazara cikin ƙasa da daƙiƙa 2. Don haka yadi 25 mafi ƙaranci ne, ga uwa mai 'ya'ya ko toro mai barbara sai a ninka.

Dabbar takan yi gargaɗi ga wanda ya iya karatu. Idan ta daina kiwo ta zuba wa mutum ido, an matso da yawa. Idan ta kwantar da kunnuwa baya, gashin tozonta ya miƙe, tana lasar leɓe, to saura ƙiris. Makaminta ƙafafun gaba ne, da su take sara da tattakewa. Idan ta taso, a gudu a sa itace ko mota a tsakani, domin ba ta cika bin mutum nesa ba. Wanda ya faɗi ya dunƙule, ya kare kansa da hannu, kada ya motsa sai ta tafi. Kada a shiga tsakanin uwa da ɗa, kada kuma a je da kare, domin a wurinta kare da kyarkeci duk ɗaya ne. A kurmi mai duhuwa, inda ba a gani nesa, waɗannan alamu ba su da amfani, tun da kafin a gan su an riga an makara. Abin da ya faru a Homer ke nan.

Akwai kuma ɓangaren dabbar, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Mus ɗin da aka tayar ya yi gudu cikin zurfin ƙanƙara ya ƙona kitsen da ba zai iya mayarwa ba. Ga shi kuma a kudancin mazauninsa yana cikin wani hali. A jihohin Maine da New Hampshire, gajartar lokacin sanyi ta ba wata irin kaska damar yaɗuwa, har akan ƙirga dubbai masu yawa a jikin ɗan mus guda, su tsotse jininsa ya mutu kafin ya cika shekara. A Jihar Minnesota yawansu ya ragu ƙwarai har hukuma ta dakatar da farautarsu a 2013. Dabbar da ke fama da irin wannan ba ta bukatar ƙarin wahala don wani ya sami hoto. Shi ya sa a Yellowstone aka hana kwaikwayon kukan dabba don a jawo ta, aka kuma hana haska ta da fitila. Watau dabarar da ta ɗaukaka Shiras ta zama laifi a dajin da ya sami mus ɗin da ke amsa sunansa. Tun 2014 kuma aka hana tashin ƙananan jirage marasa matuƙi a gandayen dajin ƙasar.

Ɗaya dabarar tasa, ta barin kyamara ita kaɗai a daji, ita ce ta yi albarka. Tun daga 2019 gidan talabijin na ƙasar Suwidin yake girke kyamarori a gefen kogin Ångerman, inda mus ke iyo su haye kowace shekara idan ƙanƙara ta narke, a kan hanyarsu ta zuwa makiyayar rani. Ana nuna abin kai tsaye dare da rana har wajen mako uku, daga nesa ake sarrafa kyamarorin, miliyoyin mutane suna kallo, dabbobin kuwa ba su san ana yi ba.

Kammalawa

Mun ga asalin sunan mus da kamanninsa, da yadda aikin ɗaukar hotonsa ya tsiro daga dabarun maharba, da yadda shekararsa ta kasu, da matsalolin da baƙin jikinsa ke jawo wa kyamara. Mun kuma ga ta hanyar lissafi cewa hoton kirki ba ya bukatar kusanci. Ma'aunin da masu sana'ar suka yarda da shi mai sauƙi ne: idan dabba ta sake halinta saboda kai, ta daina ci, ko ta tashi daga kwance, ko ta kira ɗanta, to ka wuce iyaka, ja da baya. Wannan ma'auni bai tsaya ga mus kaɗai ba. Ɗalibin da ya ɗauki kyamara ya nufi Yankari don giwa ko ɓauna, ko ya tsaya bakin kogi don dorina, shi ma da shi zai yi aiki, domin uwa mai tsaron ɗa halinta ɗaya ne a Alaska da Bauchi. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.